Harsashin da Aka Ajiye wa Ɓauna

Har yau in na ji ƙanshin man keken ɗinki, kakana nake gani zaune a ƙofar gidanmu a unguwar Kurayyat, yana goge harsashi da man a tsumma. Guda ne tak, dogo kamar yatsar babban mutum. Bindigar kuwa ya sayar da ita tun kafin ya taho hajjin da bai koma ba.

Maharbi ne a can gida, a nan ƙasar da ya zo hajji kuma mai gadin sito a unguwar Khumra. Ni ce jikarsa mai baki, amaryarsa in ji shi, na dame shi da tambaya har ya faɗa mini labarin harsashin. A al'adarsu ƙane ne ke buɗe tafin hannu da harsasai, wansa ya zaɓa, kuma ba a yi wa wa gyara. Ran nan ɓauna suka bi. Wansa ya ɗauki ƙaramin, wai babban yana ɓata fata. Kakana ya san kuskure ne, amma ya rufe tafinsa a kan babban. Harbin bai kayar da ita ba. Ta juyo ta tattake wan nasa, ta shige ciyawa da jininta.

"Ba ta mutu ba, amarya," in ji shi. "Sawuna take bi. Wannan nata ne."

Na yi dariya, na ce to sai ta nemi kafili, mai tsaya mata ta shigo ƙasar, tukuna. Amma da azahar, in zafi ya kwantar da unguwa, yakan ɗaga hannu ya ce mu saurara. Wallahi nakan ji huci a bayan katanga, kuma ina jin tsoro.

Tsoron innata daban ne. Kakana ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ga shi ana bincike gida-gida. In 'yan sanda suka ga harsashi, babana ne zai tafi kurkuku. To amma surukinta ne, ko ido ba ta haɗawa da shi, balle ta ce ya jefar. Wata Juma'a yana masallaci ta zaro shi daga ƙarƙashin matashinsa, ta je ta jefa a teku.

Bai tambayi kowa ba. Ya dai juya shimfiɗarsa ta fuskanci ƙofa, abinci kuma sai an yi da gaske. Kafin azumi ya rasu, hannunsa na dama a dunƙule. Bayansa masu binciken suka zo, suka birkice gidan, suka fita ba su sami komai ba. Innata ce ta cece mu, ban taɓa shakka ba.

Yanzu ina unguwar Madain Fahd, tagogi a rufe, na'urar sanyi na ruri, 'ya'yana ko sunan ɓauna ba su sani ba. Innata ta tsufa a wurina. Da azahar takan ce in kashe na'urar, ta ɗaga hannu.

"Saurara," in ji ta. "Ke ma kin ji?"