Sharaɓar Kawu Quirin

Kawuna Quirin shekara talatin da huɗu yana raba wasiƙu a kan keke a ƙauyenmu, gindin duwatsun Bavariya ta ƙasar Jamus, amma sharaɓarsa ta ƙi yin kauri. A wajenmu kuwa wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. Ranar biki maza gajeren wandon fata suke sawa, da safar ulu mai rufe sharaɓa kaɗai, kowa na satar kallon ƙafar kowa.

"Quirin, ina ka baro ƙafafunka ka aro na shamuwa?" Haka samari suke masa, har ya daina shiga rawa.

Da ya auri Anti Notburga ta saƙa masa safa, ya fito biki ƙafa cike, bakin 'yan tsokana ya mutu. "Girkinta ne," in ji shi.

Sai dai abin bai bar ransa ba. Ya ɗora wa kansa neman asalin kalmar Wade, sunan sharaɓa a bakinmu. Mutumin da bai wuce firamare ba, sai ga shi yana rubuta wa masana wasiƙu! Shekara shida kafin wani ya amsa. Ya ce tsohuwar kalma ce ƙwarai, tana da 'yar'uwa a tsohon harshen mutanen arewacin Turai, ma'anarta can tsoka. Kawu ya bugi safarsa yana dariya, ya juya ga Anti Notburga, wadda yake kira Burgi.

"Kin ji, Burgi? Tsoka! Ga ta nan kuwa."

Bara Anti ta rasu. Ina wanke masa safar da ta tsufa na juya cikinta, sai na ga ninki uku na ulu a ɗinke daidai sharaɓa. Wallahi sai da na zauna. Biki ya matso, ni ce zan saƙa sabuwa, na rasa yadda zan yi. In na saƙa daidai ƙafarsa a koma yi masa dariya, in na tambaye shi na tona mata asiri.

Na durƙusa ina awon ƙafarsa. Ya dafa kafaɗata.

"Ki ninka ta ciki, 'yata, kamar yadda take yi. Shekara arba'in ban taɓa nuna mata na sani ba." Ya share ido. "Kowa da tasa tsokar aka haife shi. Tawa ita ta saƙa mini."