Mayafin da Hajiya Mariya Ta Bar Mini

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina tsaye a kicin: Hajiya Mariya ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san ta ba, 'yar Maraɗi ce, ta tsufa a nan Riyad. Idan matar wani direba ko lebura daga cikin mutanenmu ta rasu ta bar yaro, uban yana kwana a ɗakin ma'aikata, wurinta ake zuwa neman mai riƙo.

Ba ta taɓa miƙa wa kowa yaro don ya nuna tausayi kawai ba. Sai mace ta zauna karatun Asabar kan riƙon yara a falonta na unguwar Nasiriya, mijin ma ya zo ya ji da kunnensa. Wasu sun yi fushi, suna cewa riƙo ai gadonmu ne, ba a koya mana.

Ita kuwa ta lura da abin da muka ƙi gani. Gidajen da ba su shirya ba suna riƙe yaro namiji da daɗi yana ƙarami, ranar da muryarsa ta fashe sai a tuna ba muharrami ba ne, a haɗa masa kaya.

Takan ce, "Ba rashin kunya ke korar yaran nan ba, gashin baki ne."

Saboda haka tun a zaman farko take tambaya. Idan jinjiri ne, wa zai shayar da shi ya zama ɗan gida? Idan ya wuce shayarwa, ina ɗakin da zai kwana in ya balaga, kuma kin yarda ki yi lulluɓi a cikin gidanki?

Na amsa mata da "na yarda" lokacin da na karɓi Sadiƙu. Gida biyu ya zauna kafin nawa. Amsar ba ta yi mini wuya ba a lokacin, domin ko haƙoran gaba bai gama sakewa ba.

Bana muryarsa ta fashe. Maƙwabta suka fara ce mini lokaci ya yi, a mayar wa ubansa, tunda iƙamarsa ma, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a kan uban take. Ni mace ce mai tsoron ƙetare iyaka, kuma har yanzu ina tuhumar kaina: tsoron Allah ne ya sa maganarsu ta shige ni, ko ƙyuyar ɗaura mayafi a zafin Riyad?

Makon jiya na je duba ta. Tana kwance, amma sai da ta sa aka kawo mini shayi da dabino, ta tambayi ciwon gwiwata. Sannan na faɗa mata.

Ta dube ni ta ce, "Malama Asabe, ke da kike gyara mana karatu? Kanki aka ce ki rufe, ba ƙofarki ba."

Na ce zan yi tunani. Ita ce maganata ta ƙarshe da ita, kuma ba ta gamsar da ni ba, balle ita.

Ɗazu Sadiƙu ya ji ni a waya ina maganar rasuwar. Ya tsaya a bakin kicin, ya ce, "Umma, to ni ma khalas, tawa ta ƙare ke nan?" Ashe duk abin da ake faɗa yana ji.

Na ɗauko mayafi na yafa, na zuba masa shayi. Na ce, "Zauna ka karya. Daga yau haka za ka riƙa ganina, kuma za ka daɗe kana gani." Maigidana ya riga ya kira kafinta, za a sa wa ɗakin Sadiƙu ƙofa.

Karatun Asabar ba zai tsaya ba. Ban kai ta sani ba, ban kai ta haƙuri ba, amma falona a buɗe yake, kuma tambayoyinta zan yi, ba zan rage ko ɗaya ba.

Allah Ya gafarta wa Hajiya Mariya, Ya yalwata kabarinta, Ya ba ta gidan da ba a fitar da kowa daga cikinsa. Wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a, ya roƙa mini tabbata a kan abin da na ɗauka.