Ranar da Inna ta kama sunana

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. A Guri muka taso, tana bandar kifi a bayan gida. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Ke, kira wancan ya kawo itace." Na yi aure, na haihu, ina nan a wancan. Haushi kam na sha jin sa.

Da ciwon cikinta ya ƙi jin jiƙo da sassaƙe, daga Haɗeja aka tura mu Kano a zura mata siririyar kyamara ta maƙogwaro a leƙa.

"Mama, zaɓi naki ne," in ji likitar. "Ko a fesa miki magani a maƙogwaro kina ido biyu, ko a yi miki allura a jijiya ki yi gyangyaɗi, ƙila ma ba za ki tuna ba. Barci mai nauyi irin na tiyata, ba kya buƙatarsa."

"A fesa," in ji Inna.

Na yi lallashin duniya, ko kallona ba ta yi ba. A baranda ƙanwata ta raɗa mini dalili: wata maƙwabciya ta tsorata ta, wai wanda aka yi wa allurar nan bakinsa ba linzami. Ashe Inna ta gwammaci wahala da bakinta ya suɓuce a gaban mutane.

Da aka fara zura kyamarar, matar da ke juya tarwaɗa a kan garwashi da hannu, sai ga ta tana kakarin amai, hawaye shaɓe-shaɓe, har ta fisge bututun. Da numfashinta ya dawo ta dubi ƙanwata.

"To, a yi allurar. Amma wancan ya fita."

Na fita. Bayan an gama ƙanwata ta tafi karɓo magani, nas ta ce lallai wani ya zauna kusa da Inna har ta wartsake. Na zauna a bakin gadon. Ido a lumshe ta laluba ta kama hannuna, ta kira sunana, cikakke, yadda aka raɗa mini shi.

"Ka ci abinci?"

Ni da furfura a gemu, na ƙanƙame hannun nan kamar yaro.

Can ta farka sosai, ta gan ni, ta yi wuf ta saki hannun.

"Na yi wata magana?"

"Ba ki ce komai ba, Inna."

"Alhamdu lillahi." Ta gyara mayafinta.

Gyambon ciki ne. Ta sha magani ta warke, ta koma bandarta, ni ma na koma wancan har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan ta.

Yau daga kasuwa har masallaci kowa da sunana yake kira na. Wancan ɗin ne na rasa mai faɗa.