Shekara Bakwai a Kan Jinin Batulu

A Kwandiko ta ƙasar Gwaram ba wanda ya gane aikin Nasiha sosai. An dai san 'yar Malam Iliyasu mai makarantar Islamiyya ta yi sakandare a Birnin Kudu, ta wuce jami'a a Kano, daga can ta tafi ƙasar waje, ta dawo ana kiran ta Dakta alhali ko allura ba ta iya ba. Ran da mahaifinta ya tambaye ta, cewa ta yi, "Baba, manhajar kwamfuta mutum ne yake rubuta ta, mutum kuwa yana kuskure. Aikina in kawo hujjar lissafi cewa manhajar ba za ta taɓa yin abin da aka hana ta ba, ko sau nawa aka kunna ta." Malam ya jinjina kai ya sa mata albarka.

A wannan fanni ta yi suna. Ita ce ta bankaɗo wani kuskure a manhajar injin da ke auna wa majinyata magani, kuskuren da aka yi gwaji dubbai bai fito ba.

Ƙanwarta Batulu kuwa da sikila aka haife ta. Mace ce mai barkwanci, ɗinki take yi a gida, amma duk damina sai ciwon ya kayar da ita. Wata rana a asibiti a Birnin Kudu, ana ƙara mata jini, ta dubi Nasiha ta ce, "Yaya, kina ta gyara wa injuna kuskurensu, nawa jinin fa, ba kya duba shi?"

Wasa take yi, amma maganar ta tsaya wa Nasiha a rai. Ta ajiye aikin da ta ƙware a kai, tana da shekara talatin da huɗu ta koma ta zauna cikin ɗalibai tana koyon ilimin halittu. Ta gina kwatancin ƙwayar jini a kwamfuta: yadda take lanƙwashewa kamar lauje idan iska ta yi mata ƙaranci, yadda take maƙalewa a jijiya har ta toshe ta. Zatonta shi ne, in aka tare waɗannan matakai biyu a lokaci guda, ciwon ba zai samu hanyar tashi ba. Shekara bakwai tana kan wannan, gida sai da sallah.

Da ta gama, ta sa kwamfuta ta bincika hujjar. Amsar da ta fito ita ce akwai hanya ta uku, kuma ko an tare biyun, ciwon zai bi ta can. Wata uku tana neman kuskure a lissafinta, ba ta samu ba. Wani abokin aikinta ya ce ta buga ɓangaren da ya yi kyau, ta bar sauran. Ta ƙi, ta buga duka.

Ta iso Kwandiko ta tarar da Batulu a kwance, ƙafafu sun kumbura, ƙoda ta fara gazawa. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Bai yi ba, Batulu."

Batulu ta ce, "Ni fa ban aike ki ba, Yaya. Shekara bakwai! Da nan kika zauna muna hira, da ya fi mini."

Nasiha ta rubuta takardar barin aiki a wannan makon. Ita ke yi wa Batulu wanka, ita ke gasa mata gaɓoɓi da ruwan ɗumi, ita ke kai ta asibiti. Wata huɗu suka samu tare. Ana cikin yankan gero Allah ya karɓi ran Batulu, da hantsi, kanta a kan cinyar yayarta.

Nasiha ba ta koma ba. Yanzu tana koyar da lissafi a Birnin Kudu. Masu bincike daga ƙasashe daban-daban suna aiko mata da saƙo, don a kan hanyar nan ta uku suke aiki. Wasu takan amsa, wasu sai su yi wata ba ta buɗe ba. Duk Juma'a bayan la'asar takan tuƙa motarta zuwa Kwandiko, ta zauna kusa da mahaifiyarta Inna Fatsuma suna ɓarar gyaɗa har a kira magariba.