Jar Yakuwar Bayan Ɗakina

Ina sunkuye a bayan ɗakina da hantsi, ina tsinke kawunan soborodo ina jefawa a faifai, sai na ji wani abu ya murɗa mini a mara, kamar ana matse jiƙaƙƙen tsumma. Na miƙe na dafa danga. Da na duba ƙasa sai ga wani jan zare yana bin ƙaurina zuwa idon sawu. Hannuwana duk sun rine da soborodo, don haka na tsaya ina rarrashin raina cewa shafa na yi. Amma wannan da ɗuminsa.

Wata uku ke nan ban ga al'adata ba, kuma ban faɗa wa kowa ba. Cikin fari ne. A wurinmu yarinya ba ta buɗe baki ta ce wa uwar mijinta tana da ciki, sai dai a gani. Maigidan kuwa an kira su gyaran ganuwar garin Kunci tun da aka gama yankan gero. Ko yana nan ma, ban san da wane baki zan faɗa masa ba.

Yakuwar irin mahaifiyata ce. Kakanninta daga Borno suka zo, ita dai a nan ƙasar Kano aka haife ta. Ta rasu shekara biyu kafin aurena, jini ne ya ɓalle mata bayan haihuwar autarmu, ina zaune a bakin ƙofa ina miƙa tsummoki. A cikin kayanta na tsinci ƙullin gurguzu, 'ya'yan yakuwa, a bakin wani tsohon zane, na taho da shi gidan miji.

A ƙauyen nan gona manne take da gona, ko taku ɗaya ba a bari. Abin da na samu shi ne ɗan fili tsakanin ɗakina da rumbu. Na zuba toka da kashin awaki, bayan ruwa na biyu na shuka uku-uku a rami. Ta fito da jan kara, ba kamar farar da surukata ke sakawa a gefen gona ba. Damina duka mun ci ganyenta a miya da faten tsaki, wata rana in dafa in kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk lokacin da tsaminta ya taɓa mini harshe sai in ji kamar ina tsakar gidanmu.

Da cikin ya shiga, ba abin da raina ke so sai tsami. Na riƙa shanya kawunan, in jiƙa a ƙwarya har ruwan ya yi duhu, in sha ko zuma babu, safe da rana da yamma. A ɓoye nake sha, don idan surukata ta ga kwaɗayin za ta gane, ni kuma kunya ta kashe ni. Mahaifina malami ne, a gabansa na sauke har na shiga littattafai. Na san hukuncin jinin haila da na biƙi da ka. Babu shafin da ya ce mini tsofaffi na hana mai ƙaramin ciki shan jan soborodo. Wadda za ta faɗa mini tana kabari.

Na ƙwala wa surukata kira. Tana sussuka, ta taho da taɓarya a hannu.

"Ke kuma lafiya, kira kamar kin ga kura?"

Ta dubi ƙafata, ta yi salati. "Wata nawa?"

Na ɗaga yatsu uku. Ta kai ni ɗaki, a nan ta ga ƙwaryar a ƙarƙashin gado. Ta ɗauka ta shinshina.

"Wannan kike sha? Ja? Wayyo 'yar nan. Ai na ga alama tun tuni, na ce bari in ƙyale ki kada in ba ki kunya."

Ta fita ko mayafi babu, ta dawo da ungozomar ƙauyen, wata tsohuwar Bafulatana da kowa ke ce wa Gwaggo. Tun daga zaure take tsiyarta.

"Ina Babarbariyar? Ku dai ba ku iya komai a hankali ba, har ciwo sai kun tara jama'a."

Da ta ɗaga zanena sai tsiyar ta ƙare.

Kafin azahar cikin ya fita. Gwaggo ta naɗe shi a ƙyalle ta miƙa wa surukata. Na ce, "Gwaggo, mace ce ko namiji?" Ta ce, "Bai kai ba." Har yau ina tuna ƙanƙantar ƙullin nan.

Jinin kuwa ya ƙi tsayawa. Na san warin nan, na san yadda mata ke rage murya. Gwaggo ta kifa turmi ta ɗora ƙafafuna a kai, tana danna marata da tafin hannu, tana ɗura mini jiƙon bagaruwa. Na fara kalmar shahada a zuci.

"Gwaggo, ni na kashe shi?"

"Rufe mini baki. Na ga wadda ta shanye tulu ta haifi tagwaye, na ga wadda ko ƙamshinsa ba ta ji ba ta yi ɓari. Mu dai muna hanawa. Sani na Allah ne."

Ban sani ba ko gaskiyarta ta faɗa, ko tausayi ne. Surukata na riƙe da kaina a cinyarta, hawayenta na ɗiga a goshina, tana ta cewa laifinta ne. Ni kuma ina cewa nawa ne.

Ana kiran la'asar Gwaggo ta sake tsumma. Ta jira, ta duba. Ta ƙara jira, ta sake dubawa, har ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Sannan ta kama tafin ƙafata da hannu biyu ta riƙe.

"Ya tsaya."

Na ce, "Zai dawo."

"Dube ni nan, 'yar Barebari. Tun ba a haifi mijinki ba nake wannan aiki. Mai tafiya ƙafarta ke fara sanyi, taki kuwa da ɗumi. Kin tsallake. Babu inda za ki."

Ta juya wajen surukata. "Ke kuma share fuskarki, ki je ki ɗora mata ruwan zafi."