Ranar da Baba Sande Ya Ƙi Ajiye Sanduna

Cikin duk shekarun da na yi ina haɗa wa mawaƙa sauti, akwai yini guda da har yau ban manta da shi ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya ba ku riski Baba Sande ba, don haka bari in fara da shi.

Mutumin Kudu ne. Yana saurayi ya yi kiɗan rok a otal-otal na garinsu, irin mai jita mai ƙara ɗin nan, har ƙungiyarsu ta buga faifai. Da ta watse sai ya biyo wani abokinsa zuwa Kaduna, daga nan aure ya kawo shi Birnin Gwari, ya zauna. Gangunan bature yake kaɗawa, waɗanda muke kira jaz: hannuwa na aiki da sanduna, ƙafa na taka babbar ganga. Ya ji Hausa sosai, sai dai har ya tsufa “ke” yake ce wa kowa, mace da namiji.

A ƙungiyarmu Shugaba Ɗanjuma ne mawaƙi, shi ke karɓar aiki. Ƙarƙashinsa akwai mai jita da mai biyano, sai Baba. Ni kuwa mazaunina can bayan taro ne, da mikisa, na'urar daidaita sauti, a gabana, janareta a gefe. Aikina shi ne kada sauti ya yanke.

Wata shekara bayan girbi, wani manomi a wani ƙauye ta wajen Kazage ya kira mu bikin ɗansa. Lokacin an riga an daina biki bayan faɗuwar rana saboda mutanen daji. Da azahar ake farawa, kafin magariba kowa ya kama gabansa. Mun kafa kaya a ƙarƙashin wata ɗorawa, muka gwada lasifika, fili ya cika.

Ana cikin rawa bayan la'asar sai na ji an dafa kafaɗata. Mai unguwa ne. Ya sunkuyo kamar zai gaishe ni.

“Injiniya, kada ka ɗaga kai,” in ji shi. “Wani ya dawo daga gona yanzu. Ya ga babura jibge a bakin rafi, da bindigogi. Jira suke rana ta yi sanyi.”

Na kai hannu zan kashe mikisa, ya riƙe ni.

“In kiɗan nan ya tsaya, sun san mun sani. Jama'a kuma za su fantsama daji, su faɗa hannunsu. Za mu zare mata da yara kaɗan-kaɗan ta bayan rumbuna, su bi hanyar gari. Ku ba mu lokaci.”

“Ranka ya daɗe, har zuwa yaushe?”

“Sai na dawo.”

Na je kamar mai gyaran waya na raɗa wa Shugaba. Nan take baitin da yake ciki ya ɓace masa. Na zagaya bayan ganguna na durƙusa kusa da Baba, na faɗa masa komai a kunne. Hannunsa bai sassauta ba. Ko kallona bai yi ba.

“Ke Haladu,” ya ce, “je ki ƙara mini murya.”

Na koma na ƙara.

Daga inda nake ina ganin yadda fili ke raguwa. Wata tsohuwa za ta shigo da rawa, ta kama hannun mata biyu, su fice suna murmushin dole. An fitar da amarya a tsakiyar ƙawayenta. Shugaba ya yi iya ƙoƙarinsa, amma muryar ta ƙi, sai ya miƙo mini makirfo ya shiga taya ɗaukar yara. Mai biyano ya bi shi. Mai jita ya daɗe kafin ya dube ni, ya dubi Baba, ya jingine jitar a hankali. Ban ga laifin kowa ba, kowannensu na da iyali.

Aka bar mu daga ni sai Baba, sai wasu dattawa da suka ƙi tafiya, suna ta juyi a fili suna ihu don a ji kamar da mutane. Ni da ban taɓa waƙa ba na kama makirfo ina kiran sunayen waɗanda tuni sun yi nisa.

“Ina uwar ango? Fito fili! Ina abokan ango?”

Baba na amsa mini da ganguna. A ranar na ji irin kiɗan da ya yi a ƙuruciyarsa. Ya cike gurbin jita, ya cike na biyano, ya sauya salo ya sake sauyawa, yadda mai saurare daga nesa zai rantse ƙungiya ce cikakkiya. Mutumin da ya haura sittin, mai ciwon gwiwa. Rigarsa ta manne a jiki. Ni kuwa idona na kan bishiyoyin gabas, ta wajen rafin. Ko ganye ya motsa sai in ce su ne.

Sai janareta ya fara tari. Na duba jarka, ba ko ɗigo. Na karkata shi don ragowar man ta gangaro, ya ɗan ja, sannan ya mutu. Lasifika suka yi tsit.

Ban san lokacin da na ce, “Baba, mu gudu!” ba.

“Mai unguwa ta dawo?”

“A'a.”

“To ki yi tafi.”

Ya ci gaba da duka da ƙarfin damtsensa kawai. Sanda guda ta karye, ya jawo wata daga ƙugunsa. Ni da dattawan muka kewaye shi muna tafi muna ihu, ina jin hawaye na zubo mini.

Can sai muka ji ƙarar inji. Dattawan suka tsaya cak. Na waiga. Ashe mai unguwa ne a cikin wata a-kori-kura, ta bayan rumbuna.

“An gama fitar da kowa! Ku hau!”

Sai a sannan Baba ya rufe kiɗan yadda ya saba, da bugu ɗaya a kan farantin ƙarfen da ke jikin gangunan. Ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ɗaukarsa muka yi cak muka sa a mota. Yatsunsa sun ƙage a kan sandunan, sai da na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, tafin duk ya fashe. Muna cikin tafiya ya leƙa gefe ya yi amai.

“Baba, ashe kai ma ka ji tsoro?”

“Tun da kika faɗa mini ban ƙara ganin gabana ba,” ya ce. “Matata kawai nake tunani.”

Mutanen dajin sun shiga ƙauyen daf da magariba. Sun kora shanu, sun kwashi hatsi, sun farfasa kayanmu, har da gangunan da Baba ya taho da su tun daga Kudu. Amma ba su sami mutum ko ɗaya ba.

Bai ƙara fita biki ba. Hannun dama bai koma daidai ba, sai ya koma koya wa matasa kiɗa a cocinsu har Allah ya yi masa rasuwa. Ranar jana'izarsa mutanen ƙauyen nan suka zo, Musulmi da Kirista, mota bayan mota.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, a sana'ar nan jama'a ba sa kallon mai ganga, amma da shi suke auna ko lafiya. Muddin yana bugu, hankalinsu a kwance yake. Saboda haka duk wanda zai zauna a kujerar mai ganga, kafin ku duba saurin hannunsa, ku tambayi kanku ko zai iya zama a kanta ranar da kowa ya tashi.