Zuwa Dakoro Saboda Manhajar da Ta Sake Suna

Mun tashi daga Maradi bayan sallar asuba, ni da abokin aikina, a wata bas da aka cika har bakin ƙofa. Jika uku kowa ya biya. Jakar kwamfutata kuwa rungume ta na yi a cinya, don ban yarda a ɗaure ta a sama tare da buhunan albasa ba.

Ga dalilin tafiyar. Shekara shida ke nan da na haɗa wa wata ƙungiyar makiyaya a Dakoro ƙaramar manhaja ta ajiye bayanan rigakafin dabbobi: sunan mai garke, inda ya sauka, da ranar da aka yi wa bisashensa allura. Kayan aikin da na gina ta da su na wani kamfanin ƙasar waje ne. Bana sai kamfanin ya sake musu suna da tambari, ya kuma raba su ƙunshi biyu, ƙarami na kyauta da babba na saye. Mu masu sana'ar mun saba da haka. Amma Hajiya Dije, sakatariyar ƙungiyar, ba wanda ya gaya mata. Ta kunna kwamfuta ta ga baƙon suna, bayan wasu kwanaki sai ta kira ni, ta ce an kwashe mata aikin shekara shida, ga shi saura mako ɗaya a fara allurar bana.

Hanya ba laifi, in ban da ramukan da direba ya san su ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta yi, amalanken shanu na ta wucewa da dammunan hatsi. A Kornaka muka tsaya, muka sayi ƙosai na dala ashirin mai zafi, abokina ya haɗa da fura har ya kusa sa mota ta bar mu. Daga Adjekoria itatuwa suka fara raguwa, raƙuma suka fara yawa.

Da hantsi muka isa. Buron ƙungiyar, wato ofishinta, ɗaki ɗaya ne, ga Hajiya zaune, ta lulluɓe kwamfutar da zane. Kwana tara ba ta taɓa ta ba, ta koma rubutu a littafi.

"Ɗan nan, ka zo lahiya? Ci abinci tukuna, kada ka ba ni mugun labari da yunwa."

Sai da muka cinye shinkafa da wake sannan ta yaye zanen. Na buɗe. Komai na nan, ba ko garke ɗaya da ya ɓata. Na juya mata allon, na ce ta faɗi sunan wanda take so. Ta faɗi sunan wani tsoho da ya rasu bara. Ya fito, da shanunsa da ranakun allurarsu. Ta sa bakin mayafi ta share ido, sannan ta ce, "To su masu abin, me ya sa suka sake mishi suna?"

Na ce, "Kasuwa ce, Hajiya. Suna son a ga kamar sabo ne."

"Allah ya shirye su."

Matsala ɗaya ce ta gaske. Sashen da ke fitar da katin rigakafi a takarda an mayar da shi cikin babban ƙunshi, kuma katin nan shi makiyayi ke nunawa in zai ratsa da garkensa zuwa kudu. Ƙungiyar ba ta da halin saye. Muka zauna daga azahar zuwa la'asar muka sake gina shi da ƙaramin ƙunshi. Wuta ta ɗauke sau biyu, wani Buzu ɗan ƙungiyar yana ta dafa mana shayi yana tambaya ko injin ya warke. Da katin farko ya fito, shi ya karɓa, ya ce nasa ne.

Na so in yi wa manhajar sabon fasali irin na yanzu, Hajiya ta ƙi. Ta sa na mayar da kowane maɓalli inda yake a da, har da launin koren da ni kaina na daɗe ina jin kunyarsa. Ta ce hannunta ya san wuraren ko da ba tabarau.

Washegari ta rako mu tasha da cuku cike da leda, ta hana mu godiya. Kafin magariba muna gida.

A hanya na yi ta tunani. Tun wata uku da suka wuce na karanta sanarwar kamfanin, na ɗaga kafaɗa na ci gaba da aikina. Da na yi mata kiran minti biyu a lokacin, da na hutar da tsohuwar nan fargabar kwana tara. Da na sauka, kafin in cire takalmi, na lalubo lambobin sauran mutum huɗu da na yi wa irin wannan aiki, na fara kiran su.